Hoton da Ya Bi Hassana

Ku kasa kunne, 'yan uwa, yau na ga abin tsoro! Na kai wa ɗiyata Hassana fura ofishinsu a Ƙaura. Kwamfutarta ta lalace, ta zauna gaban ta wani, ta buga sunanta. Sai ga hoton jaririn ƙanenta, wanda ko suna ba a yi ba! Na ce, "Wa ya kawo shi nan, baki ya kama shi?" Mai gyaran kwamfuta da ke wurin ya ce, "Inna, babbar na'ura ke ajiya, kayanta sunanta suke bi." Na ce, "Mai bin mutum da suna, mun san shi, maye ne. Goge!" Ya goge ina kallo. Hassana ta sha faɗa, jariri ya sha tofi, mai gyara kuwa ko ludayin fura bai samu ba.