Kiran Ƙarfe Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Direba ya yi yana jan bas a cikin gari, ko kaza bai taɓa takewa ba. Mutum ne mai baki, irin wanda in ya shigo wuri sai an san ya shigo. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya ce ya ajiye tuƙi, sai gogan naka ya ajiye tuƙi ya haɗa da mutane gaba ɗaya. Kunya ce ta ci shi. Wai ba ya son a riƙa kama hannunsa ana tsallakar da shi titi, ana ce masa sannu.

Ya shige ɗaki ya saki labule. Daga kujerarsa ta roba sai rediyo, sai tsohon madubin bas da ya rataye a bango. Kowa ya yi sallama, sai ya sa matarsa ta ce yana barci, har abin ya ishe ta.

"Malam, mutum fa rahama ne," in ji ta. "Ido ne ya yi rauni, bakinka lafiyarsa ƙalau."

"Gobe zan fita."

Goben nan ta shafe wata uku ba ta iso ba.

Yana da amini tun na samartaka, Dogo mai faci, wanda rumfarsa ke bakin tashar bas. Da farko Dogo yakan zo, a ce masa ana barci, ya bar saƙon tsokana ya tafi. Daga baya ya ɗauke ƙafa, sai dai waya. Kullum ƙarfe huɗu, lokacin da Direba kan tsaya a rumfar a da, wayar za ta kama ƙara a kan tebur. Yakan kai hannu, sai ya fasa, ya ƙyale ta ta gaji don kanta. Sau ɗaya tak ya ɗauka, bai ji komai ba sai numfashi. Ya ce sabis ne ya lalace, ya kashe. Har wani daɗi ya ji, Allah ya yafe masa.

Wata Talata babbar 'yar Dogo ta zo. Ba ta tsaya sauraren zancen barci ba, ta ɗaga labule, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Kawu, Baba ya yi maka wani laifi ne?"

"Laifin me? Ki ce masa zan leƙo."

Ta dube shi. "Ashe da gaske ba ka sani ba. Yau mako shida da faɗuwarsa a rumfa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Sau uku na kira ka da wayata, ba ka ɗauka ba."

Direba ya ji kamar an kwara masa ruwan sanyi.

"To wa ke kirana ƙarfe huɗu?"

"Shi ne. Da hannun hagu yake lalubo lambarka, ba ya kiran kowa sai kai. Yakan kara ta a kunne har ta katse, sannan ya juya fuskarsa bango."

Numfashin nan! Ashe Dogo ne yake ta fama ya ce wani abu, shi kuwa ya kashe masa waya. Ya rasa inda zai sa kansa. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da hannu. Ita ce ta miƙo masa takalmi.

A bakin babban titi, inda motoci ke wucewa kamar inuwa a idonsa, ya tsaya cak. Sannan ya miƙa wa 'yar Dogo hannu da kansa, ta tsallakar da shi. Wani mai shago ya ce masa sannu, ya amsa, kuma bai mutu ba.

Sun tarar da Dogo a kwance, ya rame, fuskarsa na bango, bai ji shigowarsu ba. Agogon ɗakin na nuna huɗu saura kaɗan. Direba ya tsaya a bayansa, bakin nan da ba ya gajiya ya kasa haɗa ko gaisuwa. Yana jin hannun hagun Dogo na lalube a kan katifa, yana danna waya a hankali.

Ƙara ta tashi a aljihun Direba. Ya ciro wayar, ya kara a kunne.

"Dogo, na ɗauka. Juyo, ga ni a bayanka."