Gyaran Muryar Marigayi Farfesa

Gwaji ake ce masa, tun daga masu shara har manyan malamai. Aikinsa kula da lasifika a zauren taro na wata jami'a, kuma kafin a fara kowane zama sai ya ƙwanƙwasa makirfo da yatsa ya ce, "Gwaji, gwaji." Ɗalibai da yawa sun shigo sun gama ba su taɓa jin wata kalma a bakinsa ba sai wannan. Mazauninsa can baya ne kusa da ƙofa, a wani teburi mai gajeriyar ƙafa da ya tokare da kwali. Daga nan yake ƙara wa mai ƙaramar murya, ya rage wa mai ihu.

A gida kuwa ba ya rage wa kowa. Ya tashi ne a hannun uban da in ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, uwarsu sai ta haɗiye ragowar maganarta, yara su lafe a jikin bango. Tun yana ƙarami ya ƙulla a ransa cewa in ya yi nasa gidan, ba za a yi shiru don ya shigo ba. Allah kuwa ya haɗa shi da daidai. Matarsa tela ce, kekenta da bakinta tare suke tashi, shi ya sa yake ce mata Rediyo. Autarsu ma ita ta gado.

"Baban Auta," in ji matar, "kai da ka tsufa kana gyara muryar mutane, taka ce ta gagare ka?"

"Ai tawa ke na ara wa, kin ƙi maidowa."

Wannan hayaniyar ita ce duk abin da ya tara a duniya, kuma ta ishe shi.

Duk shekara malaman kimiyyar siyasa kan yi taron ƙara wa juna sani a zauren, wani tsohon Farfesa ke shugabanta. Ba ya riƙe ƙararrawa, ba ya duba agogo. In mai magana ya zarce, gyaran murya kawai yake yi: na farko dogo, na biyu gajere, da ɗan fito a ƙarshe saboda giɓin haƙorinsa. Ko waye kai sai ka zauna. Ana haka Farfesa ya kwanta rashin lafiya, ya rasu.

Taron da ya biyo baya, wata matashiyar Dakta mai jan gilashi ce ta shirya. Abin da za a tattauna da bakinsu suna ce masa anakizim, wato ra'ayin masu cewa mutane za su iya zama lafiya ba gwamnati, ba shugaba, ba wanda ke saman wani. Ta sami Gwaji yana warware waya.

"Baba, bana ba babban teburi, ba shugaban taro. Kujeru a zagaye, makirfo guda, mu riƙa miƙa wa juna."

"To Dakta, wa zai ce wa mutum ya isa haka?"

"Kowa ya ce wa kansa."

"To, Allah ya sa," in ji Gwaji.

Da safen abin ya tafi sumul. Wani ya ce gwamnati kamar mai gadi ce da aka ɗauka ya tsare ƙofa, aka wayi gari ya kulle masu gidan a ciki. Wata ta ce to in famfon unguwa ya lalace, wa zai tilasta a gyara? Aka ce mata ƙishirwa. Gwaji bai fahimci duka ba, amma abin ya yi masa daɗi, don ya ga kamar labarin gidansa suke yi.

Bayan hutun rana makirfo ya faɗa hannun wani malami mai gemu, ya ƙi fita. Mutane suka fara muskutawa. Sai kawai aka ji: dogo, gajere, da ɗan fito a ƙarshe.

Mai gemu ya tsaya a tsakiyar kalma, ya miƙa makirfo kamar ya ƙona shi. Zauren ya yi tsit, sai kukan fanka. Can wani ya yi 'yar dariyar yaƙe ya ce, "Gwaji ya adana mana tsohon a na'ura."

Da aka tashi Dakta ta zo rai a ɓace. "Baba, wannan wasan ba daɗi."

Ya nuna mata na'urar, ba abin da aka ɗauka a ciki. Makirfonsa ma yana cikin jaka a naɗe. Sai dai bai gaya mata cewa maƙogwaronsa na yi masa ƙaiƙayi ba, kamar wanda ya haɗiyi ƙaya.

Kashegari abin ya sake faruwa, har ya zama jiki. Ba wanda ya ƙara ce wa kansa ya isa. Mai magana sai ya yi ta zuba yana satar kallon lasifikar bango, yana jira. In an ji, ya zauna, a miƙa wa na gaba. Gwaji ya sunkuya a hankali ya zare wayar lasifikar daga soket. Ba a jima ba aka sake ji, tar, har ƙarshen zaure.

Wata dattijuwa mai shara da ke zaune kusa da ƙofa ta tattara tsintsiyarta ta matsa.

"Baba Gwaji," ta ce da raɗa, "daga wuyanka ya fito."

Shi kuwa bai ji buɗewar bakinsa ba.

Da yamma ya nufi gida. Tun daga kan layi yake jiyo keke, da dariyar Auta. Yana sa ƙafa a bakin ƙofa abin ya taso masa, ya fito kafin ya kai hannu baki. Keke ya tsaya cak. Auta ta tashi sum-sum ta shige ɗaki. Matarsa ta kawo ruwa da hannu biyu, ta ajiye a gabansa, idonta a ƙasa.

"Sannu da zuwa, Malam."

Tun da suka yi aure ba ta taɓa ce masa Malam ba. Ya zauna yana kallon kofin. Ashe akwai agogo a ɗakin nan mai ƙara, bai taɓa ji ba sai yau. Shirun nan ya san shi, na gidan ubansa ne, ko kaɗan bai tsufa ba.

Magana mai tsawo aiki ce a wurinsa, amma ya daure ya kwashe komai ya faɗa mata: Farfesa, taron, wayar da ya zare, mai shara.

"Ba tawa ba ce, Rediyo. A zauren an hana Farfesa kujera, shi ne ya nemi wurin zama."

"Wallahi Baban Auta, ba ni na yi shiru ba. Bakin ne ya rufe da kansa."

"In kin sake ji, kada ki tsaya. Ko zagina ne ki yi. Wancan ba ya zama sai inda aka yi masa shiru."

Ta koma kan keke. Don ta ɗebe tsoro sai ta ɗauko labarin wata mai kawo ɗinki da ta yi ƙiba ta ce rigar ce ta tsuke. Tana tsaka da shi abin ya fito: dogo, gajere, da fito. Leɓenta suka haɗe. Gwaji yana kallon wuyanta yana motsi, ba sauti. Amma ƙafarta ba ta bar keken ba, ta ci gaba da takawa, allura na cin iska ba ƙyalle. Can muryar ta ɓalle.

"Wa ya naɗa ka? Ina tambaya, wa ya naɗa ka a gidan nan? An kai ka makwanci, shugabancin bai ishe ka ba? Kujera ɗaya gare mu mai kyau, ita ma kaya muke jibgawa a kai!"

Gyaran muryar ya sake fitowa, da ƙarfi, har kofin ya girgiza. Ba ta saurara ba. Auta ta leƙo, ta ga uwarta ta dage, ita ma ta shiga, wai ai a ƙarasa labarin mai ƙiba tukuna, kowa ya bi layi. Na ƙarshen da ya fito ba shi da fito, kamar kyanwa ta shaƙe. Sai Gwaji ya yi tari, tarinsa na kullum mara daɗin ji, ya ji wuyansa wasai.

"Ka gani ko?" in ji matar tana haki. "Har matattu ka fara kwaso mana."

Ranar rufe taro ya je wuyansa lafiya lau. Makirfo ya sake komawa hannun mai gemu. Ya yi ta yi. Mutane suka kalli lasifika, suka juyo suka kalli Gwaji, wasu har da harara, kamar ya hana su haƙƙinsu. Shi dai bakinsa a rufe. Dakta ce ya lura da ita. Tana ta kurɓar ruwa, tana shafa wuya da yatsu biyu. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu.

Dogo, gajere, da ɗan fito a ƙarshe, alhali ita haƙoranta a jere suke ba giɓi.

Mai gemu ya zauna. Aka ji zauren ya sauke numfashi. Dakta ita ma ta waiwaya baya tare da kowa, tana neman wanda ya yi.

Da aka watse ta zo tana saƙala jaka. "Baba, yau ma sai da ka yi. Amma ba komai, an gama lafiya."

Gwaji ya daɗe yana naɗe waya a gwiwar hannu.

"Dakta, a gidanku akwai mai surutu?"

"Ni kaɗai nake zaune. Me ka gani?"

"Matata tela ce," in ji shi. "Ki kawo ɗinki. Kada ki aiko, ki zo da kanki, ki zauna a ɗinka a gabanki."

Ta yi murmushi ta ce to, ta fita tana shafa wuya.

Ya kulle zauren ya kama hanya. Da ya isa ƙofar gida ya ɗan tsaya, ya haɗiyi yawu don ya tabbatar, sannan ya shiga. Ba wanda ya ko ɗago kai. Auta na gardama da uwarta a kan wanda ya ɓatar da almakashi, keke na ta tafiya. Ya ture tulin kayan da ke kan kujerar gefe, ya raɓa ya zauna.