Duhuwar Kalgon Mbamba

Ranar da aka kawo injin nan na share daji gonar Mbamba ina tsaye a bakin hanya da fartanya a kafaɗa, kuma wallahi tun kafin direban ya kashe tarakta na tsorata. Ba girmansa ne ya tsorata ni ba. Gyaran inji ne sana'ata a Jimeta, na kwance janareto da injin niƙa ba adadi. Abin da ya tsorata ni shi ne inda ya juya hancinsa. Ya fuskanci duhuwar kalgon da ke kusurwar gabas, kuma a cikin duhuwar nan ƙanin matata yake kwance.

Shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka ci Mubi ya zo. Atamfa yake sayarwa a can, saurayi mai yawan tsokana, ba ya kirana sai da "mijin Adda mai baƙin hannu", don Adda yake kiran yayarsa. Ya ari wayar wani ya kira ni, ya ce yana bayan gari, ba zai iya shigowa ba. Na ce ya nemi bukkar gonata. Da na isa na tarar da shi kwance, cinyarsa ta kumbura ta yi baƙi, da harsashi a ciki, ya yi kwanaki yana jan ta a daji. Na tambaye shi wa ya harbe shi, ya ce mai gudu ba ya waiwaye. Wanda bai zauna a Yola a wannan lokacin ba ba zai gane ba. A Rumde, inda muke, baƙo ba ya kwana sai mai unguwa ya sani. Saurayi daga can, da zanen Barebari a fuska, da harsashi a cinya, ai ɗan tada ƙayar baya za a ce, ba mai tsayawa jin ta bakinsa, kuma wanda ya sauke shi ma tare za a kwashe su. Na koma gari neman mai kemis da zai iya riƙe bakinsa. Kafin in dawo rai ya yi halinsa.

Mutum ɗaya na iya gaya wa, wani tsohon Modibbo ɗan Barno mai karantar da yara a layinmu. Ya ɗauko likkafanin da ya ajiye wa kansa, ya hau bayan babur ɗina. Mu biyu muka yi masa wanka, muka yi masa salla, muka haƙa a tsakiyar kalgon, inda ba a gani daga hanya. Muka jera duwatsu, na kifa fasasshen tulu a wajen kai. Matata tana jego a lokacin, sai bayan mun gama na sanar da ita. Mahaifiyarsu kuwa, wadda muke kira Dada, ta tsallaka Kamaru da masu gudu, an daɗe kafin a ji ɗuriyarta. Da aka same ta a waya na gaya mata komai, na kuma yi mata alkawari, duk ranar da Allah ya dawo da ita zan kai ta ta tsaya a kansa.

Matsalar ita ce gonar ba tawa ba ce. Aro ce daga wani dattijon Bafulatani na Yola Gari, aminin mahaifina, Bappa muke ce masa. Shekara da shekaru ina nome ko'ina ban da kusurwar nan. Masu kirare in sun doshi wurin sai in ce akwai kububuwa. Bappa ya taɓa tsayawa ya kalli duhuwar ya daɗe, sannan ya ce, "Kalgo ya ji daɗinka." Na kwana ina juya maganar nan, har ya rasu ban san ko ya sani ba. Modibbo ma ya riga shi. Ya zama duk duniya ni kaɗai na san wurin.

Babban ɗan Bappa ma'aikacin gwamnati ne, ya girme ni, Hamma nake ce masa. Shi ya zo har shagona wata Asabar, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a kan benci yana kaɗa makullin mota. Ya ce tun da aka hana sare itatuwa don gawayi, akwai wani kamfani da ke tara sabara da kalgo da ƙaya da duk wani kirare, yana curawa yana sayar wa gidajen burodi su hura tanda. Suna da injin da ke yankewa ya ɗaure nan take. Za su share saurar da ke bayan gonar, wadda aka daɗe ba a noma ba, da kusurwar gabas, kyauta.

"Kyauta, Hamma?"

"Kyauta. Su itacen suke so."

Na ce a raina, banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk faɗin dajin Adamawa, sai kusurwata za a nufa? Na ce masa kalgon nan yana tare iska, ya ce iskar me. Na ce awakin maƙwabta suna ci, ya yi dariya ya ce tun yaushe na zama makiyayin awakin mutane. Sannan ya dube ni ya ce, "Ko akwai abin da ka ajiye ne a ciki?" Yana murmushi ya faɗa. Ni ma na yi murmushi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Daga ranar kowa ya zama abin zargi a wurina. Maƙwabcin gona da ya gaishe ni da fara'a fiye da kullum. Matar da ke tsintar kirare, wadda na taɓa kora. Har ɗan Modibbo sai da na auna, ko tsohon ya yi magana a kan gadon ciwo. Matata ta ce, "Malam, zamani fa ya canza, ka je ka gaya wa Hamma gaskiya, gawa ce ta Musulmi ba bindiga ba." Na ce ta yi shiru da abin da ba ta sani ba. Wa ya ce mata zamani ya canza? Shingayen bincike sun ragu, haka ne, amma har gobe in aka tono ƙashi da harsashi a gonar da kake nomawa, ba za a tambaye ka a kan tabarma ba. Kuma ko da ba hukuma, Hamma zai karɓe gonar, ya ce na mai da gadon ubansa maƙabarta.

Ana gobe za su fara, mutanen kamfanin suka zo duba wuri. Wani dogo mai hular roba yana ta ɗaukar hoto da waya, direban kuma, wani kakkauran mutum mai Hausar 'yan kudu, yana riƙe da jajayen tsummoki. Ya zo wurina ya ce, "Oga, kai ne mai noma a nan? Akwai abu a ƙasa? Dutse, ƙarfe, tsohon rijiya, rami? Ka faɗa mana yanzu."

Na dube shi, na dubi mai hoton. Rami. Me ya sa ya ce rami?

Na ce, "Babu komai."

Na tsaya ina kallo maƙwabcina ya nuna musu wani suri da wata tsohuwar rijiya a saurar. Direban ya leƙa rijiyar, ya jefa dutse, sannan ya ɗaura jan tsumma a reshe, alamar injin zai kewaye wurin. Leƙawar nan ita ta ƙarasa ni. Na ce in na ce akwai rijiya a kalgona, leƙawa za su yi, su ga duwatsu a jere sun fuskanci alƙibla. In kuma na yi shiru na bar duwatsun, haƙoran injin za su dake su, ya tsaya, a sauko a duba. Ni makaniki ne, na san abin da dutse ke yi wa haƙori. Don haka da suka tafi na kutsa cikin duhuwar, ƙaya tana yagar rigata, na kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya na watsa a kwazazzabo, na haɗa da fasasshen tulun. Na baje ƙasar da ƙafa, na zuba busasshen ganye. Na sari gindin kalgon da ke wajen kai da adda, sara mai zurfi, na ce wannan ya ishe ni alama. A ganina na yi dabara.

Washegari aka tada injin. Gaskiya ɗaya ce, wanda ya ƙera abin nan ya san aikinsa. Tarakta ce ke jansa, a gabansa wata ganga mai haƙora tana juyawa, tana cin sabara da kalgo da geza tun daga gindi, tana turawa ciki. A ciki rassan suna murƙushewa suna naɗewa, sai ka ji ƙarar ta canza, igiya ta zagaye, bayan injin ya ɗaga ya saki dunƙulen itace mai tsayin ƙirjin mutum ya gangara ƙasa. Mutanen Mbamba sun taru suna kallo, mata masu kirare suna tsaki, don abincinsu ne ake ɗaurewa a gabansu. Ni kuwa idona yana kan ƙasan haƙoran. Da ya shiga kalgona na shiga karanta duk abin da ya zo bakina. Ya shige, ya fito ta ɗaya gefen, ya saki dunƙule. Bai taɓa ƙasa ba. Bai tsaya ba. Mai hoton yana can inuwa yana cin gyaɗa, Hamma ko zuwa bai yi ba.

Na koma gida da sanyin jiki irin na wanda zazzaɓi ya saki. Na ce wa matata Allah ya rufa asiri. Na yi kwanaki ban leƙa gonar ba, da gangan, kada a ga ina rawar ƙafa a wurin. Dunƙulan suka bushe a fili, manyan motoci suka shiga suka kwashe, aka kuma yi ruwan farko.

Da na koma sai na tsaya turus. Duhuwar da saurar sun zama fili ɗaya, shimfiɗe har bakin kwazazzabo. Injin ya yanke kalgon ƙasa da inda na sara, alamata ta tafi gidan burodi. Kututture ko'ina, duk tsayinsu ɗaya, duk bakinsu a tattaune, tayoyin motoci sun kwaɓe ƙasar, ruwa ya daidaita sauran. Shekarun nan duka ta hanya ɗaya nake shiga, in sunkuya ƙarƙashin wani reshe, in kauce wa wata ƙaya, sai ga shi. Rassan na sani, ban san ƙasar ba. Na yi ta zagaye ina taka nan ina taka can, ko ƙafata za ta tuna. Kafin damina ta yi nisa kowane kututture ya yi toho, kore iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ban gaya wa matata ba. Na ce a raina zan gano.

Bayan girbi Dada ta dawo. Ta tsufa, ta rame, ido ɗaya ya yi fari. Ta kwana ɗaya a gidanmu ta ce a kai ta. Na ɗauki keke napep, ni da ita da matata. A bakin filin ta cire takalminta ta riƙe a hannu, tun ban ce komai ba. Na shige gaba suna biye, ita tana taka kututturan nan da ƙafa tsirara. Na nufi gabas, na tsaya, na karkata hagu, na sake tsayawa. Na so in nuna ko'ina in ce nan ne. Wa zai ƙaryata ni? Hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Na durƙusa, kaina a ƙasa kamar yadda ake yi gaban suruka, na gaya mata zancen injin, da duwatsun, da saran adda. Ta saurare ni har na gama.

"Wa ya ga an binne shi?" ta ce.

"Ni da Modibbo, Dada."

"Ina Modibbon?"

"Ya rasu."

Ta daɗe tana kallon filin da idonta mai gani. Sannan ta yi magana a hankali, ba faɗa ba kuka.

"A can inda muka zauna, na ga matan da aka ce musu an binne 'ya'yansu. Daga baya suka ji ashe dangi ne suka miƙa su ga hukuma don su tsira da gidajensu. Ɗana, ba zan tsine maka ba, lokacin tsoro ne. Ka gaya mini kawai. Binne shi ka yi, ko miƙa shi ka yi?"

Na rantse da Allah, na sake rantsewa. Na ɗaga kai na dubi matata, ita da ta yarda da maganata shekara da shekaru ba ta taɓa neman shaida ba. Na jira ta ce wani abu. Tana tsaye bayan mahaifiyarta tana kallon tohon kalgon, ba ta dube ni ba.

Dada ta sunkuya ta sa takalminta, ta ce mu koma gida.