Ranar da Muryata Ta Shiga Masallaci

Ludayi ne ya suɓuce mini ya faɗa kan murfin tukunya. 'Yar ƙara ce, amma sai na ji maigidana ya yi tsaki daga ɗaki, wai na ɓata masa ɗaukar murya karo na tara.

A lokacin shekararsa guda ke nan da barin aikin kamfani a Kano. Ya dawo Bebeji da kwamfutarsa yana cin gashin kansa, yana ƙirƙirar manhajar waya. Mutanen unguwa ba su ɗauke ta sana'a ba. Mutum ya yini a ɗaki, ba gona ba kasuwa, sai dai su ce Allah ya kawo masa aiki. Ni na san da ita muke ci. Wadda yake haɗawa ta ƙungiyar manoman rani ce na wajen Bagauda: manomi ya sa ranar da ya yi dashe, waya ta riƙa tuna masa ban ruwa da taki da feshi. Da yake yawancinsu ba sa karanta boko, da baki za ta yi magana, shi ne yake ta ɗaukar muryarsa.

Na leƙa na ba shi haƙuri, sai kuma na kasa yin shiru.

"Malam, ko ba ludayi, wannan ai labaran rediyo kake karanta musu. Wa yake ce wa manomi 'ana shawartarka da ka aiwatar'?"

"To gwana, faɗi naki mu ji."

Na ce, "Sannu da aiki. Tumatirinka ya yi sati uku, yau a ba shi taki, kada a bari rana ta take." Haka mahaifina yake magana, Allah ya jiƙansa.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini wayar. Na ja baya. Ya ce wa zai gane muryata? Kwana huɗu muna ɗauka, yara na makaranta, kaji a kulle.

Manhaja ta karɓu. Masu cajin waya a Kwanar Dangora ma suna tura wa mutane. Maigidana ya saita ta tana magana ƙarfe ɗaya da rabi, lokacin da manomi ke hutawa a inuwa, kuma ya yi ta yadda ko an kashe ƙarar waya sai ta yi, don kada tunatarwa ta wuce mutum. Abin da ya manta shi ne Juma'a.

Liman na tsaka da huɗuba, aljifai suka ɗauka daga sahu zuwa sahu: "Sannu da aiki. Yau ranar ban ruwa ce." Wasu suka ƙunshe dariya. Yayana yana sahu na biyu, kuma bai buƙaci a faɗa masa ko muryar wace ce ba. Daga masallaci gidanmu ya yo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ke da ko sallamarki ba a ji daga zaure, yau ke ce kika katse liman." Ya sa takalminsa ya tafi.

Na yi kukan da na daɗe ban yi ba. Ba surutun mutane ne ya fi ci mini rai ba, ɗakin Allah ne da muryata ta kutsa ba sallama. Na ce wa maigidana ya cire ni. Bai yi musu ba. Ya je ya ba liman haƙuri, ya gyara manhajar ta riƙa yin shiru lokutan salla, ya mayar da tasa muryar.

Bayan sati uku na ji shi a waya da shugaban ƙungiyar. Mutane suna goge manhajar, wai ba sa gane wannan sabon malamin, kuma in haka ta ci gaba ba lalle a sake ba shi aikin baɗi ba. Da ya shigo, maimakon ya roƙe ni in koma, sai ya yabi miya. Wannan yabon ya fi roƙo nauyi.

Na kai wa malamarmu ta Islamiyya maganar. Ta ce kuskuren an gyara shi, kuma magana ta kamun kai mai amfanar mutane ba laifi ba ce, amma ba za ta yanke mini ba. Na yi istihara, zuciyata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Yau muryata tana cikin manhajar, yayana ma yana noman albasa da ita, ko da yake bai taɓa tayar mini da zancen ba. Abin da ya mayar da ni cikinta ya faru ne a wani gidan suna a garin Ƙofa. Ina gaisawa da mata, sai wata 'yar Fulani da ba ta wuce shekara bakwai ba ta saki zanen uwarta, ta zo ta tsaya a gabana tana duban bakina. Na ce mata sannu 'yammata. Ta kama hannuna ta ce:

"Ke ce ta cikin wayar Baffa ko? Da kika daina magana Inna ta ce ƙila ba ki da lafiya, kullum sai mun yi miki addu'a. Kin warke?"