Muryar Bindigar Ba Grema

Duk wanda ya girma a unguwarmu a Shetimari ya san muryar bindigar Ba Grema kafin ya san fuskarsa. Bindigar toka ce, ƙirar maƙera, gadon mahaifinsa, an naɗe gindinta da fatar akuya saboda tsufa. In an harba ta tari take yi, kamar tsohon da hayaƙi ya shaƙe. Mata na jin tarin nan daga bakin kogin Komadugu sai su soma daka yaji, don sun san kafin azahar zabuwa ko makwarwa za ta shigo wani gida. Shi manomin tattasai ne, bai taɓa sayar da ko fiffike ba. Mai jego da majinyaci ke fara samu.

Ni ƙanen matarsa Ya Fatime ne, don haka ina da damar faɗin aibinsa. Ba Grema ba ya jure dariya. Kafin ya zuba albarushi, ya tura tsumma, ya ɗura ƙananan ƙarafa, ya danna da sanda, sauran zabin sun haye Najeriya. Abokan nomansa suka riƙa tsokanarsa, wai ya dinga roƙon zabin su jira shi. Yana murmushi, amma abin na cinsa.

Shekarar da tattasai ya yi albarka, kafin fitina ta zo, ya ja ni muka tafi Diffa wurin Alhaji Rufa'i, wani Badamagare mai kanti a kasuwa, wanda shi ma yakan taɓa farauta. Alhaji ya fito da tasa mai baki biyu, tana ƙyalli, harsashinta a kwali. Allah ya sani bai cuce shi ba.

"Ba Grema, zomo kake harbi, ba giwa ba," in ji shi. "Taka ta ishe ka. Ko mi ka ɗura mata ci take. Wannan kuwa tsawa gare ta."

"Tsawar nake so, Alhaji."

Aka yi musaya, ya bar ta mahaifinsa a jingine bayan buhunan shinkafa, ko waiwaye bai yi ba. Da muka dawo gida Ya Fatime ta dubi sabuwar, ta ce masa ya kai ta can nesa da ɗakinta.

Bindigar kam ta yi kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai dai ba a daɗe ba masifar 'yan ta'adda ta ƙetaro kogi, mutanen kwari suka koyi kasa kunne. Ba Grema ya naɗe ta a tsohon bargo, ya cusa a rumbu, shekaru suka wuce bai taɓa ta ba.

Sai Ya Fatime ta kwanta ciwo. Ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, ta rame har wuyanta ya fito. Wata rana ta ce romon makwarwa take marmari. Bai shawarci kowa ba. Da hantsi ya ɗauki bindiga ya bi bayan lambuna, ya harba sau ɗaya.

Ina ban ruwa a lokacin, kuma ni ma gudu na yi. Unguwa ta watse, mata da goyo suka nufi titin Damagaram, babu wanda ya tsaya tambaya, kowa ya ɗauka mahara ne suka shigo. Iya Kubra, tsohuwar maƙwabciyarsa wadda kullum yake ware wa ƙundu da hanta, ta faɗa kwatar ban ruwa ta karye a ƙugu. Shi kuwa ya dawo da makwarwarsa a hannu, ya tarar da ƙofofi a buɗe, tukwane na tafasa ba kowa.

Ya Fatime ta sha romo, kuma daga baya ta warke. Iya Kubra ba ta sake takawa ba. Ranar da ya je gaishe ta ina wurin. Ya durƙusa a gabanta, ita ta sauƙaƙa masa.

"Ban riƙe ka ba, Grema," in ji ta. "Da tsohuwar bindigar ce na ji, ai tukunya zan ɗora."

Washegari ya kai mai baki biyu wurin mai gari, ya ce a miƙa wa hukuma. Daga nan ya wuce Diffa neman ta mahaifinsa. Alhaji Rufa'i ya ce ajiye bindiga ya zama haɗari, tuni ya ba wani maƙeri, Tahir. Tahir kuwa ya yanke bututun ya yi bakin zuga-zugi da shi.

Na yi masa faɗa a rayuwa ba adadi, amma a kan wannan ban taɓa cewa uffan ba, tausayinsa nake ji. Yanzu ya tsufa, idonsa ya rage. Duk ranar da ya kawo tattasai Diffa, sai ya ratse maƙerar Tahir ya zauna kusa da wuta, ba ya sayen komai. In Tahir ya gaji, Ba Grema yakan karɓi zugar.