Yaya Injiniya, Wadda Ta Ɗaure Idanunta Don Ni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ranki, Yaya, bayan jinyar da ba ta kai mako ba. Duk ofis Injiniya ake kiranki, domin ke ce mai kula da kwamfutocinmu. Ni kaɗai ke ce miki Yaya, ba mu kuwa haɗa uwa ko uba ba.

Ni makauniya ce. Aikina in saurari tarurrukan da aka naɗa, in mayar da su rubutu. Kwamfutata na karanta mini duk abin da ke kan allo ta hedifon marar waya, wanda ke haɗuwa da ita ta bulutut. Ba ta da sifika, don haka da zarar haɗin ya katse sai komai ya yi tsit. Mai ido zai duba allo ya gyara. Ni kuwa sai in naɗe hannu ina jiran taimako.

A watannina na gwaji abin ya yi ta faruwa, har manaja ya kira ni. Bai yi faɗa ba, ya dai ce ba za a riƙe ma'aikaciyar da kullum sai an taso mata da wani ba. Na fito ina tunanin makomata, don da wannan albashi nake ciyar da mahaifiyata.

Washegari kika jawo kujera kusa da ni. Na ji kin kwance ɗankwalinki, kika kama hannuna kika ɗora a fuskarki. Ashe idanunki kika ɗaure da shi.

"Ƙanwata," kika ce, "na daɗe ina gyara miki da idona, shi ya sa ban koya miki komai ba. Yau tare za mu lalube."

Mace mai digiri, mai aiki jibge a tebur, ta zauna cikin duhu da gangan tana danne-danne, tana kuskure tana dariya. Kika lalubo hanyar kashe bulutut da kunna shi da maɓallai kawai, ba linzamin kwamfuta, ba allo. Kika ɗiga jan farce a kan maɓallan da zan bi don yatsana ya gane su. Kika koya mini in fara da cajin hedifon, in kashe shi in kunna, in ya ƙi sannan in sa kwamfuta ta sake neman sa. Ke ce ma kika kama ɓarawon: wayata ce cikin jaka ke riga kwamfuta cafke hedifon kowace safiya. "Ki fara kashe na wayar," kika ce, "wannan 'yar taki ba ta da kunya."

Kika yi ta katse haɗin da gangan kina sa ni gyarawa, har na fara jin haushinki. Kika ce gara in ji haushin yanzu, ba kullum za ki kasance a ofis ba. Aka tabbatar mini da aiki, ba ki taɓa faɗa wa kowa yadda aka yi ba.

A safiyar Talatar nan na riga kowa zuwa. Na kunna kwamfuta, shiru. Na san kina asibiti, don haka ban kira ki ba. Na bi ɗigon jan farcen ɗaya bayan ɗaya, hedifon ya yi ƙarar haɗuwa, murya ta dawo. Saƙon farko da ta karanta mini daga mijinki yake, yana sanar da ma'aikata cewa kin cika da asuba. Ba wanda ya karanta mini, Yaya. Da hannuna na buɗe, da kunnena na ji, kamar yadda kika so.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki kamar yadda kika shiga duhu domin wata. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da Inna mahaifiyarki. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da kika bari, Ya sa mu cika da imani. Amin.