Kuskuren da Na Kai Gidan Mushe

A shekarun da nake shigar da bayanai a wani ofishin lafiya a Tawa, akwai wata ƙaramar manhaja da muke kula da ita, mu 'yan sa-kai. Malamar likita ta ƙauye za ta auna yaro, ta sa nauyinsa a waya, manhajar ta faɗa mata yawan maganin zazzaɓin da za ta ba shi. Rubutunta a buɗe yake a intanet, duk mai iyawa yana sa hannu. Wanda ya fara rubuta ta tsohon malaminmu ne na lakwal, wato makarantar boko, shi ya fara ɗora hannuna kan kwamfuta. Har yau Mushe nake ce masa, yadda muke kiran malaman lakwal da Faransanci.

Abu ɗaya ya hana mu zaman lafiya. Matasanmu sun kafa doka cewa duk wanda ya ga kuskure ya rubuta shi a jerin kurakurai, inda duniya ke gani, har da sunan mai ɓangaren. In aka sa masa alamar haɗari, saƙo zai tafi wayar kowace malamar da ke amfani da manhajar. Mushe ya tsani jerin nan. Ya ce shi ba ɓarawon akuya ba ne da za a yi shelarsa a kasuwa, wanda ya ga laifinsa ya san ƙofar gidansa. Matasa suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni kuwa na iya shiru, kowane ɓangare yana zaton tasa ce ni.

Ran wata Litinin da hantsi ina gwaji, na sa yaro mai kilo ashirin, na wuce zuwa mai kilo tara ban rufe shafin ba. Maganin babban ya fito wa ƙaramin. Na sake sau uku, haka ya fito. Nan take na gane haɗarin, domin na san yadda layin masu jiran magani yake ranar kasuwa, ba mai lokacin rufe shafi. Kuma ɓangaren na Mushe ne.

Na buɗe jerin, na rufe. Na hau kabu-kabu na nufi gidansa.

Muka gaisa, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na sha ruwa. Da na zo kan maganar sai na kasa fitowa fili. Yaya ɗiyar da ya koya wa kama linzamin kwamfuta za ta dubi furfurarsa ta ce ya yi kuskure? Na yi ta kewaye-kewaye, na ce wayata tana wani abu, wataƙila ma hannuna ne. Ya yi dariya, ya ce tun ina lakwal gaggawa gare ni, zai duba bayan Juma'a. Na yi godiya na tashi. Wallahi har godiya na yi.

Kwana ukun da suka biyo ban san ɗanɗanon abinci ba. In waya ta yi ƙara sai in zaci mugun labari ne. In na ga mace da goyo ta nufi likita sai in kau da kai. Ina ta lallashin kaina cewa malaman nan ƙwararru ne, za su gane da ido.

Ran Alhamis wata malamar likita daga wani ƙauye wajen Barmou ta kira ni kan takardun ƙarshen wata. Za mu yi sallama ta ce akwai wata yarinya da aka mayar mata, tana ta amai tun da ta sha magani, abin ya ɗaure mata kai. Na ce ta dakata. Nan take na rubuta kuskuren a jerin, na sa alamar haɗari, ina jin saƙon ya shiga wayarta. Kafin la'asar Mushe ya gyara, kuma a ranar fushinsa bai dame ni ba.

Malamar ta sake kira. Ta ce yarinyar ta samu sauƙi. Ta bi littafinta, ta ware yaran da adadin maganinsu bai dace da nauyinsu ba, ta aika an gano su duka ban da ɗaya. Uwarsa makiyayiya ce, ta zo ran Laraba, an ba ta maganin kwana uku, sun yi arewa da bisashe, ba su da waya.

Ta ce, "Ƙanwata, yaushe kinka gane abin ga?"

Na ce, "Litinin."



Sannan ta ce, "Ni da hannuna ni ƙilga mata ƙwayoyin, ni ce mata kar ta bari ko guda ta rage."

Na tambaye ta sunan yaron, ta ce in bari, ba abin da zai ƙara mini. Makiyayan ba su sake biyowa ta ƙauyen ba a shekarar, kuma har yau ban san ko ya tashi ba.